SHARHI: Hula ta isa Legas, sunan mai ɗinkinta ya tsaya a ƙauye

Tun daga 2016, duk watan Nuwamba dillalan kayan fasaha kan hallara a Legas domin baje kolin ART X, wanda Tokini Peterside ta assasa. A irin wannan taro ne matashin mai zane ke kwana ba a san shi ba, ya wayi gari attajirai na tambayar farashin aikinsa. Abin da ya kamata ya dami Kano shi ne ƙarancin ’ya’yanta a wannan fage, alhali ba masu basira ta rasa ba, ba kuma ’yan kasuwa ba.

A karkarar arewacin jihar, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Bichi, gona na manne da gona, kuma ƙasar noma ta daɗe da yi wa jama’a kaɗan. Shi ya sa sana’ar hannu ta zama rabin abincin gida: saƙa, ɗinkin hula, aikin wuyan riga, faifai da tabarma. Dillali ne ke riƙe da akalar wannan harka. Shi ke kawo zare da yadi, ya bar wa matar da ke cikin gida, ya dawo bayan makonni ya biya ladan ɗinki, sannan ya nufi Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Ba a raina wannan ɗawainiya, domin shi ke zuba jari, shi ke ɗaukar asara idan kaya suka yi kwantai. Sai dai hula na barin ƙauye da sunan samfurinta kawai. Wadda ta ƙirƙiro sabon zane da wadda ta kwaikwaya lada ɗaya suke karɓa, don haka ƙirƙira ba ta da riba.

Dillalin zamani kuwa suna yake ginawa kafin ya sayar da kaya. Adenrele Sonariwo ta buɗe gidan baje kolin Rele a Legas a 2015. Shekara guda bayan haka ta fara zaɓo matasan da ba su yi fice ba, a horar da su, a nuna aikinsu da sunayensu, a haɗa su da masu saye. Zuwa 2021 gidan ya buɗe reshe a Los Angeles ta Amurka. Ba sadaka ba ce: irin waɗannan gidaje kan ɗauki kaso mai tsoka, sau da yawa rabin kuɗin. Amma ribarsu na ɗaure da ɗaukakar mai aikin, idan ya tashi sun tashi.

Arewa ta taɓa ganin haka. Tukwanen Ladi Kwali sun fara samun daraja ne a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da ake kira Suleja yau. A can Michael Cardew ya gan su, ta shiga cibiyarsa ta koyar da ginin tukwane a 1954, daga baya aka baje aikinta a Berkeley Galleries da ke Landan. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20. Ba ita kaɗai ce gwanar tukwane a zamaninta ba, amma ita ta samu waɗanda suka tsaya wa sunanta.

Masu cewa addini ne ya hana mu shiga wannan kasuwa sun manta da zayyanar allo, da dagi, da aska takwas, da adon bangon gidaje, waɗanda babu surar mai rai a cikinsu.

A 2023 gwamnatin Tinubu ta kafa ma’aikatar fasaha, al’adu da tattalin arzikin ƙirƙira, ta damƙa wa Hannatu Musawa. Ma’aikata ba ta iya ƙirƙiro mai saye, amma hukuma na iya buɗe ƙofa. Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama za su iya ware zaure domin sabbin ayyuka, kowanne da sunan mai shi da garinsu, ba kayan tarihi kaɗai ba. Sauran aikin na attajiran Kano ne da matasan da ke tallar huluna a Instagram. Duk wanda ya fara rubuta sunan mai ɗinki a jikin hula, ya kuma ƙara mata lada idan zanenta ya karɓu, shi zai fara cin wannan kasuwa.