Fitilar ABS Ta Kama, Ina Alƙalumanmu?



Kullum kukanmu shi ne masu karatu sun ja baya. A ganinmu akwai waɗanda ke jiran mu a gareji, sai dai abin da suke bukata har yanzu bai samu mai rubuta shi da Hausa ba. Mu ɗauki misali guda, ƙarami a ido amma ya shafi rai.

Duk mai hawa motocin nan 'yan Kwatano ya san wata fitila ruwan ɗorawa da kan kama a gaban direba, mai haruffa uku: ABS. A 1978 ne kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da irin wannan na'ura a motocin sayarwa. A jikin tayoyi akwai 'yan na'urori masu auna gudun juyawarsu, suna aika saƙo ta waya zuwa wani akwati, galibi a cikin gidan inji. Idan direba ya taka birki da ƙarfi taya ta nemi ƙamewa, sai akwatin ya riƙa saki yana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don kada mota ta zame, sitiyari kuma ya ci gaba da juya ta. In fitilar ta kama ta ƙi mutuwa, birki yana nan, amma wannan kariya ta tafi. Direba ba zai ji bambanci ba sai ranar da yaro ya gifta masa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta cikin ruwan Agusta.

Ba kullum akwatin ne yake lalacewa ba. Wani lokaci laifin na soket ɗin da ya haɗa shi da wayoyin mota ne. Ƙurar hunturu, ruwan da ke kwanciya a titunanmu da damina, da feshin da ake yi wa inji a wajen wankin mota, su ne ke shiga su bar tsatsa kore ko fara a kan ƙananan ƙarafan ciki. Daga nan wani ya sa a cire ƙwan fitilar don ta daina damunsa, wani kuma ya nufi Kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo akwati sukutum, alhali nasa lafiyarsa lau.

Ga yadda aikin yake. A kashe mota, a zare makulli. A kwance kan batir mai alamar ragewa, a jira 'yan mintuna. Soket ɗin yana da marfin kulle da ake ɗagawa ko a ja gefe. Shi za a fara saki, kuma kada a kuskura a fizgo ta wayoyi. A haska ciki a duba ko akwai tsatsa, danshi ko ƙarfen da ya lanƙwashe. A fesa maganin wanke kayan lantarki na gwangwani, a goge da buroshi mai laushi. Ban da ruwa, ban da fetur, ban da kankarewa da sukundireba. A bari ya bushe sarai, a mayar har a ji kullen ya zauna, sannan a ɗaura batir. Bututun man birki da ke jikin akwatin kuwa ba a taɓa su. In fitilar ta ci gaba da ci, sai a kai wa mai wayarin ya jona kwamfuta ya karanta matsalar. In kuma jar fitilar birki ta kama tare da ita, a ajiye motar kawai har a duba.

Sakin layi ɗaya ke nan. Wannan ilimi yana cikin littattafan Turanci da kuma kan ogannin gareji. Yaron da ya fito daga Dala ko Ƙofar Mazugal yana koyon aiki da ido ne kawai, alhali Hausa yake karantawa a wayarsa dare da rana.

Wani zai ce wannan ba adabi ba ne. To, Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne kuma ya haɗa hannu da Rupert East suka yi Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittu da kimiyya da Hausa, kuma bai rage masa daraja ba. Wani kuma zai ce haɗari ne a koya wa ɗan koyo taɓa birki. Wannan magana tana da nauyi, shi ya sa aikin yake bukatar marubuci na gaske, wanda zai jera matakai bi da bi, ya kuma faɗi inda mai karatu zai tsaya ya nemi gwani. Kuskuren jimla a labarin soyayya dariya za a yi. A nan kuwa yana iya jawo zaman makoki.

Ko mai ƙagaggen labari ma zai ƙaru. Sau nawa muka karanta birki ya tsinke, shi ke nan, an kashe tauraro? Wanda ya zauna a gareji zai san abin da ya lalace, da wanda ya yi sakaci, kuma a nan labari yake.

Sharaɗi ɗaya ne: kada mu zauna a ɗaki mu ƙirƙiro kalmomi. Mu je mu tambayi mai sana'a sunan da yake kiran abin, mu rubuta shi yadda bakinsa ya faɗa.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, ko gareji, ko marinar Ƙofar Mata, ko maƙera. Ya rubuta yadda ake aiki guda cikin kalmomi 300, ya karanta wa mai sana'ar. In ya gyaɗa kai, a kawo mana shi zauren nan. In ya gyara, a sake rubutawa.

Allah ya tsare hanya, ya yi wa alƙalumanmu albarka.