Uwargida da Kwamfuta: Ƙulle Takardu Wuri Guda

Idan za ki tura takardun makarantar yara ko hotunan suna ta imel, ba sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ki ƙulle su wuri guda, kamar kayan tafiya a zani. Wannan ƙulli shi ake kira ZIP, wanda Phil Katz ya ƙirƙiro a Amurka a 1989.

Ki tara takardun a folda ɗaya, ki danna maɓallin dama na linzami a kanta. A Windows 10 ki zaɓi Send to, sannan Compressed. A Windows 11 kuwa Compress to. In za ki kwance, ki danna dama a kan ƙullin, ki zaɓi Extract All.

Rubutu yakan ragu sosai, amma hotuna da ƙyar, domin a matse suke tun asali. Kada ki goge na ainihin sai kin kwance kin ga komai ya buɗe. Ƙullin da baƙo ya aiko kuwa, kar ki taɓa. Ɓarayin intanet kan ɓoye ƙwayar cutar kwamfuta a ciki, su sace bayananki.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.