Sunanka a jerin takunkumi: ta ina ake fita?



Idan aka ambaci jerin sunayen takunkumi, yawancinmu gani muke labarin manyan ƙasashe ne, bai shafe mu ba. Alhali mai sayen riɗi ko gero ya kai Kano, da mai fataucin dabbobi da ke karɓar kuɗinsa daga Nijar ta hannun ɗan canji, duk kuɗinsu na bin hanyar da hukuma ta zuba wa ido. Ranar da banki ya ce wa mutum an rufe asusunsa, jari ya tsaya ke nan. Kafin la'asar gari ya ɗauka, kuma a yankin da ya sha wahalar Boko Haram kowa ya san irin kallon da za a fara yi masa.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar yaƙi da ta'addanci, wadda ta kafa Kwamitin Takunkumi na Najeriya ƙarƙashin Antoni Janar na Tarayya. Idan kwamitin ya sa sunan mutum, wajibi ne banki ya daskarar da kuɗinsa nan take, ba tare da ya sanar da shi tukuna ba. A watan Maris na 2024 an fitar da sunayen mutum 9 da kamfanonin canji 6. Ban da wannan akwai jerin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka sa Boko Haram a ciki a watan Mayun 2014, sannan akwai na Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka. Bankunanmu duka ukun suke dubawa.

Inda abin ya fi kusa da mu shi ne suna. A watan Maris na 2022 Amurka ta sa 'yan Najeriya 6 a jerinta, bayan wata kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta same su da laifin aika wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai. Ɗaya daga cikinsu sunansa Muhammad Ibrahim Isa. Jama'a, a Jajimaji kaɗai mutum nawa ne za su waiwayo idan aka kira wannan suna? Kwamfutar banki ba ta san ɗan gidan wane ba, haruffa take haɗawa. Abin da ke raba ka da mai sunanka shi ne ranar haihuwa da lambar BVN da NIN. Mu kuwa da yawanmu ranar haihuwar da ke katin NIN daban, ta banki daban, wasu kuma 1 ga Janairu aka rubuta musu don a huta da tambaya.

Don haka matakin farko shi ne mutum ya san matsalar da yake ciki. Kamar suna ce? Umarnin kotu ne saboda wani bincike? Ko kuwa da gaske sunansa ne a jeri, kuma wane jerin? Ya nemi bayani daga banki a rubuce, ya riƙe kwafin takardar da ya kai da hatiminsu a kai. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, yana da damar kai ƙorafi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Idan kamar suna ce, takardun shaida ne za su fitar da shi.

Idan kuwa sunan mutum ne da gaske, nan ne muke yawan kuskure. Al'adarmu ita ce a ɗauki dattawa a je gidan ɗan majalisa ko wani mai faɗa a ji, a nemi alfarma. Ba ma raina dattawanmu, sun kashe wutar da hukuma ta kasa kashewa. Amma wannan ƙofa ba ta buɗuwa da haka. Wanda ya sa sunan shi ne mai cirewa: na Najeriya kwamitin Abuja ake rubuta wa, ga kuma Babbar Kotun Tarayya, na Majalisar Ɗinkin Duniya akwai ofishin mai sauraren koke da aka kafa a 2009, wanda mutum zai iya rubuta wa kai tsaye, na Amurka sai Amurka. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya san wani da zai goge suna cikin dare, a kama hannun jaka.

Kuma ana fita. Duk mun san biskit ɗin NASCO na Jos. Wanda ya kafa kamfanin, marigayi Ahmed Idris Nasreddin, Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa sunansa a jeri a 2002. Bai fita ba sai Nuwamban 2007, bayan ya gabatar da takardun da ya sa wa hannu cewa ya yanke hulɗar kasuwanci da waɗanda aka danganta shi da su. Shekara biyar, ga mutum mai dukiya da lauyoyi a ƙasashe daban-daban. To ina ga mai awon hatsi da duk cinikinsa a ka yake, ba rasit, ba littafi?

Wannan ce damuwarmu. Wanda ke neman a cire sunansa tambayarsa za a yi: wannan kuɗi daga wa ya zo, na mene ne? Mu kuma mun saba ba da lambar asusu aro. Wani ya ce abokinsa zai turo kuɗi, ba shi da banki, sai mu ce ba komai. Yaranmu masu POS kullum kuɗin mutanen da ba su sani ba ke ratsa asusunsu. Zumunci ne, mun yarda, amma ranar bincike sunan mai asusu za a gani, shi zai amsa. Littafi ɗaya na 'yan nairori, a riƙa rubuta suna da lambar waya da dalilin kuɗi, ya fi shaidar baki goma amfani a wannan rana.

Gwamnati ma muna da magana da ita. Ba mu ce a sassauta wa masu ciyar da 'yan ta'adda ba. Mutanen Yobe sun fi kowa sanin abin da kuɗin nan ya saya. Amma bayanin yadda ake neman fita da Turanci yake, a intanet, ofishin kuma a Abuja. Me zai hana a fassara shi da Hausa da Kanuri, a karanta a rediyo, a liƙa a bankunan Nguru da Gashua? Mutane nawa ne suka san cewa wanda aka daskarar wa kuɗi zai iya neman izinin cirar na abinci da magani da haya? Kuma a sa wa amsa wa'adi, domin iyalin da ke jira ba za su ci "ana dubawa" ba.

Muna roƙon lauyoyi da ma'aikatan banki 'yan asalin Karasuwa da ke bin wannan shafi su ware rana ɗaya su zauna da shugabannin kasuwa da masu POS. Kafin nan, kowa ya ɗauko katinsa na NIN ya gwada da abin da ke banki, suna da ranar haihuwa. Idan sun saɓa, a je a gyara tun asusun yana buɗe.