Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Ɗaga Ƙarfe a Funtua da Malumfashi

Ƙannena,

Ina ganinku da yamma a bayan gidaje da filayen makarantu. An cika gwangwanin fenti biyu da siminti, an soka ƙarfe a tsakiya, ana ta ɗagawa har singileti ya jiƙe sharkaf. Wallahi abin yana burge ni. Ƙarfi kuwa gadonmu ne. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dandume ko ta Bakori da kaka, ya ga 'yan dako suna loda tirela da buhunan masara masu kilo 100 tun safe har la'asar, ba sai an gaya masa ba. Koyarwa ce ta yi mana ƙaranci.

A gasar duniya ɗagawa iri biyu ce. Akwai fizga, inda ƙarfe ke barin ƙasa ya wuce kai a motsi ɗaya. Akwai kuma wadda za a kawo shi kafaɗa, a daidaita, sannan a tura shi sama. Sau uku ake ba mutum dama a kowace. Alƙalai ba ruwansu da kaurin damtse, daga cinya da ƙugu aikin yake fitowa. Don haka wanda bai iya tsugunawa sosai ba, baya a miƙe, diddige manne da ƙasa, ya ajiye simintin nan ya ɗauki ƙotar fartanya, ya yi ta maimaita motsin har jikinsa ya haddace.

Vasili Alekseyev, mai ɗaga ƙarfe mutumin Rasha a zamanin Tarayyar Sobiyat, ɗan mai saran itace ne. Sai da ya kai shekara 28 ya fara kafa tarihin duniya, a 1970. Zuwa 1977 ya kafa shi sau 80, ya kuma ci zinaren Olamfik a 1972 da 1976. Sau da yawa rabin kilo kacal yake ƙarawa a kan na baya. Ku kuwa sai yaro ya ƙara bulo guda a rana ɗaya don abokai su yi masa tafi, gobe a kai shi wajen mai ɗori.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaya. Na san yadda tiramol ya shiga gonaki da wuraren lodi, na kuma san ana sayar muku da allurar kumbura jiki a ɓoye. Tiramol ɓoye ciwo yake yi, jijiya tana yagewa mutum bai ji ba. Tun 1 ga Janairun 2024 an haramta shi a lokacin gasa. Rasha, duk da tarihinta, an hana masu ɗaga ƙarfenta baki ɗaya shiga Olamfik ta 2016 saboda magunguna. Mu ma mun ɗanɗana: Chika Amalaha ta ci zinare a gasar Commonwealth ta 2014 tana 'yar shekara 16, gwaji ya sa aka karɓe. Yarinya ce fa, manyan da ke kewaye da ita nake zargi. Mariam Usman kuwa ta biyar ta zo a Olamfik ta Beijin a 2008. Bayan shekara 8 aka sake gwada fitsarin da aka ajiye, aka kama biyu daga waɗanda suka wuce ta, tagulla ta dawo hannunta.

Abincin da jikinku ke nema a gonakinmu yake: waken soya, wake, gyaɗa, ga nono da awara. Ku ci, ku yi barci. Ku kai gwangwanayenku kan sikelin masu sayen hatsi, ku san nauyinsu, ku riƙa rubutawa a littafi. Sannan ku haɗa kai ku je hukumar wasanni ta jiha a Katsina, ku nemi a turo muku mai horarwa, ko da sau ɗaya ne a wata.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ƙashi.

Naku,
Yayanku mai ƙaunarku