Lekki: birni a kan tudun yashi, daji na ƙarewa

Ɗan Gezawa da ya je ci-rani Legas, yana dako ko gadi a Lekki, zai ɗauka ƙasa ce kamar ta gida. Alhali yashi ne da igiyar teku ta tara, ya raba Atlantika da tafkin Legas. Abin da ke riƙe shi daji ne: kurmin fadama da itatuwan ruwan gishiri, masu saiwa kamar ƙafafu.

Yau ana sare dajin, ana cike fadama. Ga rukunin gidaje, ga matatar Ɗangote, ga titin gaɓar teku zuwa Kalaba da aka fara a 2024. Gandun da aka keɓe a Lekki tun 1990 hekta 78 ne kacal.

Irin wannan tudu ba ya son ganganci. A Oktoban 2003 hukumomin Senegal sun yanka mashigi mai faɗin mita 4 a tudun yashin Saint-Louis don rage ambaliya. Teku ta buɗe shi ya kai kilomitoci, ta cinye ƙauyen Doun Baba Dieye.

A Legas kuwa, idan ruwa ya shigo, bukkar mai gadi ce ke fara tafiya.