A Kira Kowa da Sunan da Ya Yarda da Shi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, tun da aka kafa hidimar ƙasa a 1973 ake turo samarin Kudu su koyar da ƙannenmu, har a makarantun Roni. Mu kuwa sai mu ce wa ɗan ƙabilar Igbo "Inyamiri", alhali asalin kalmar roƙon ruwan sha ne a harshensa. Ashe ƙishirwar baƙo muka mayar masa suna! Mun san zafin "Kaɗo" a kunnen Bahaushe, da na "arne" a kunnen Bamaguje. Gobe mu ne a ofisoshin gwamnati, takardun jama'a a hannunmu. Lalle mu tambayi kowa sunan ƙabilarsa, mu rubuta yadda ya faɗa, domin magana zarar bunu ce.