Ayis: Ƙwayar da ke Shigowa da Kamannin Ƙwazo

Mun saba gane ɗan shaye-shaye da layi da lumshe ido, domin abin da kodin ya koya mana ke nan. Ayis, wato metamfetamin, ba ta haka take shigowa gida ba. Yaro zai yi kwana biyu bai runtsa ba, aiki yake ba ji ba gani, bakinsa ba ya shiru, kwanon tuwonsa na nan a rufe har ya kwana. Sai uwa ta ɗauka ɗanta ya yi hankali, ya kama neman na kansa.

Ƙarfin nan bashi ne jiki ke ci. Ƙwayar tana sa ƙwaƙwalwa ta kwararo da dofamin, sinadarin jin daɗi, fiye da kima, kuma tana daɗewa a jini: sai bayan kimanin awa 10 rabinta ke fita, alhali hodar ibilis wajen awa 1 ce. Duk tsawon lokacin zuciya na bugawa da sauri, jini na hawa, jiki na ɗaukar zafi, har shanyewar ɓarin jiki ta kama matashin da bai kai talatin ba. Yawu ya ƙafe, haƙora su ruɓe. Wani ya riƙa jin ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa, ya yi ta susa har jini ya fito.

Ba daga nesa kawai ayis take zuwa ba. Tun 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin dafa ta a Legas, a 2016 kuma ta kama 'yan Meziko huɗu a wata masana'antarta a Asaba. A 2021 ƙasar Ibo, inda ake kiranta mkpuru mmiri, ta kai ga ɗaure matasa ana yi musu bulala a bainar jama'a.

Taɓin hankalin da take jawowa shi ya fi tayar mini da hankali. Mai sha ya fara jin muryoyi, ya rantse mahaifiyarsa na zuba masa guba a abinci. A gidajenmu sai a ce iska ce ko sammu, a nufi gidan mari. Ba na raina addu'a ko kaɗan, amma wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, irin na asibitocin Barnawa, Kware da Dawanau. Har yau babu wani magani da aka amince da shi musamman don yanke kwaɗayin ayis. Jinya ce ta watanni, da tattaunawa da sa ido. Makonnin farko bayan ya daina, baƙin ciki kan danne shi har ya fara tunanin kashe kansa, daidai lokacin da 'yan gida ke hamdala sun ga yana ta barci.